Kafin a rufe kabari, a san abin da ya kashe mutum

A ƙarshen watan Maris na 2025, ana saura kwanaki kaɗan a yi ƙaramar Sallah, labari ya iso Torankawa da ke Ƙaramar Hukumar Bunkure cewa an tare mafarauta a garin Uromi na Jihar Edo, an kashe 16, an cinna wa gawarwakinsu wuta. Wasu daga cikinsu 'yan wannan ƙauye ne, kuma a can Uromi aka binne su.

Iyalai sun karɓi gaisuwa, har da ta Gwamnan Edo, Monday Okpebholo, wanda ya zo tare da Gwamna Abba Kabir Yusuf. Kowa ya roƙi a yi adalci.

Sai dai kafin kotu ta hukunta wani kan kisan kai, sai an tabbatar mata da wanda ya mutu, da abin da ya kashe shi, da kuma cewa aikin wanda ake tuhuma ne sanadi. Idan wuta ta ci fuska, haƙora da gwajin ƙwayar halitta ta DNA ne ke bayyana ko wane ne. Wannan aikin likitan binciken gawa ne.

Uromi na da nisa, amma irin wannan tambaya tana tasowa a gida, a gonakin noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam. Bambancin kawai shi ne a nan babu bidiyo, kuma galibi ana kammala jana'iza kafin wani ya tambaya.

Kumfar baki ba ta da amsa ɗaya

Tun da aka kammala Madatsar Ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ke bin magudanai yana ratsa wannan yanki, yana raya shinkafar Kura da tumatirin Kadawa. A wannan ruwan yara ke wanka, mata ke wanki. A gefensa kuma 'yan ƙwadago ke haɗa maganin feshi, da yawansu babu safar hannu balle takunkumi.

A ɗauka an tsamo wani matashi daga magudana da hantsi, kumfa na fita ta hanci da baki. Nan take za a ce ruwa ne ya ci shi, kuma mai yiwuwa haka ne, domin wanda ya nutse yakan yi irin wannan kumfa.

Amma wanda gubar maganin ƙwari irin su fiya-fiya ta kama shi ma yakan yi kumfa. Yawu da gumi su yi ta zuba, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya sarƙe. Idan jiri ya ɗebe shi a bakin magudana ya faɗa, ruwa zai ɗauki laifin da ba nasa ba. Mai farfaɗiya ma zai iya faɗawa. Haka kuma ana iya kashe mutum a wani wuri a kawo gawarsa a jefa.

Gawa na riƙe da alamun da ke taimakawa a bambanta waɗannan. Bayan mutuwa jini na kwanciya a sashen jikin da ke ƙasa, don haka likita zai iya gane ko an juya gawar ko an sauya mata wuri. Sandarewar gaɓoɓi, wadda ke farawa cikin 'yan sa'o'i kuma ta fi sauri a lokacin zafi, na ba da hasken lokacin da rai ya fita. Raunin da aka ji da rai yana nuna zubar jini a cikin nama, saɓanin wanda dutse ko siminti ya yi wa gawa a cikin ruwa. Jini da fitsari da abin da ke cikin tumbi kuwa su ke tona guba.

Waɗannan alamu ba sa jira. Wanka da likkafani da zafin ƙasa na shafe yawancinsu, kuma tono gawa bayan makonni ya fi tayar da hankalin iyali fiye da jinkirin rabin yini.

Amfanin na masu rai ne

Idan maganin feshi ne ya kashe wannan matashi, to jarkar na nan a gona, kuma gobe ƙanensa ne zai goya abin feshin. Da an sani, da an gargaɗi sauran, an kuma tabbatar asibitin da ke kusa na da allurar atropine da ake ceton irin waɗannan majinyata da ita. Idan kuma hannun mutum ne, to mai laifin na iya kasancewa cikin masu zaman makoki.

Kano ta ɗanɗana kuɗarta kan wannan. A watan Afrilun 2020 masu haƙar kabari ne suka fara lura cewa gawarwaki sun yi yawa a birni. Da yake an riga an binne mamatan, sai jami'ai suka koma bin gidaje suna tambayar iyalai irin ciwon da mutum ya yi. A watan Yuni, Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mace-mace 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya kasancewa da alaƙa da cutar korona. Amsar ta zo bayan an yi makonni ana jita-jita, ita ma a matsayin ƙiyasi.

A 2021 kuma, da mutane suka riƙa cika asibitocin Kano suna fitsarin jini, gwaji ne ya kai jami'ai ga kayan haɗa lemo da wani sinadari da ake sayarwa da sunan ɗan tsami. A Zamfara a 2010, sai da aka gwada jinin yara aka gano gubar dalma ce daga dakan duwatsun zinare ke kashe su, annobar da ta ci ran yara aƙalla 400. A duk waɗannan lokuta, ba a iya tare ɓarnar ba sai da aka gano sanadi.

Matsayin addini

Babban abin da ke sa iyalai ƙin yarda shi ne darajar mamaci. Musulunci ya yi umarni da gaggauta jana'iza, ya kuma hana keta alfarmar gawa. Wannan damuwa ce ta gaskiya, ba jahilci ba.

Amma manyan majalisun fatawa sun daɗe da duba batun. Majalisar Manyan Malaman Saudiyya a 1976, da Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Rabiɗa da ke Makka a 1987, sun halatta binciken gawa idan ana zargin laifi ko ana neman gano cutar da za a kare jama'a daga gare ta. Majalisar ta Makka ta gindaya cewa a tsaya iya buƙata, sannan a binne dukkan sassan jiki. A ƙissar Annabi Yusuf (AS) ma, wurin da riga ta yage ne ya wanke wanda aka yi wa ƙazafi. Yarda da ƙaddara bai taɓa hana neman hujja ba.

Kuma ba kowane bincike ne ke buƙatar a buɗe jiki ba. A ƙasashen Mali da Bangladesh, inda Musulmi suka fi yawa, ana amfani da allura a ɗebo ɗan samfuri daga huhu da hanta don gano abin da ke kashe ƙananan yara. A wasu biranen Ingila ana ɗaukar hoton gawa da na'urar CT, kuma iyalan Musulmi da Yahudawa sun fi karɓar wannan hanya.

Tsoron da ya rage

Akwai wani tsoron da ba na addini ba. Talaka na ganin da zarar an ce a kai gawa asibiti, to ta shiga hannun hukuma ke nan. Za a yi kwanaki a ɗakin ajiyar gawa, a biya kuɗin mota da na takarda, wataƙila ma a tsare wanda ya tsamo ta. Muddin haka mutane ke kallon abin, wa'azi ba zai sa su kawo gawa ba.

A nan ne nauyi ya hau kan Gwamnatin Kano. Dokar binciken mutuwa da jihohin Arewa suka gada ta ba majistare ikon bincikar mutuwar fuju'a ko wadda ake zargi. Jihar Legas ta sabunta tata dokar a 2007, ta kuma buɗe cibiyar gwajin DNA a 2017. Kano na da ƙwararrun likitoci a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda daga Kura bai kai tafiyar awa guda ba. Abin da ya rage shi ne a haɗa wannan ƙwarewa da ƙauye.

Ana iya farawa da Babban Asibitin Kura. A horar da likitoci da ma'aikatan jinya, maza da mata, kan duba gawa daga waje, ɗaukar hoto da ɗibar jini da fitsari, a tanadi firji mai aiki da hasken rana don adana samfuri. A ƙayyade sa'o'in da za a miƙa wa iyali gawarsu, ta yadda wanda aka tsamo da safe za a sallace shi kafin faɗuwar rana. Gwamnati ta ɗauki kuɗin gaba ɗaya. Cikakken bincike ya tsaya kan inda aka ga alamar laifi.

Dagatai da masu unguwanni da limamai su ne farkon waɗanda ake kira idan an yi rasuwa, don haka su ya kamata a ba lambar da za su buga. Masu wankan gawa ma sukan ga tabon da babu wanda ya gani, kuma ya dace su san inda za su faɗa ba tare da fargaba ba.

Sannan a buɗe rajista. Idan a ƙarshen kaka aka ga yara uku sun nutse a wuri guda, Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are za ta san inda ake buƙatar shinge ko matakala. Idan aka ga guba iri ɗaya na maimaituwa, hukumar NAFDAC za ta san kasuwar da za ta nufa.

Mutanen Torankawa sun ga yadda neman adalci ke da wuya idan mutum ya rasu a nesa da gida. Wanda ya rasu a bakin gonarsa, tsakanin danginsa, bai kamata a binne shi tare da amsar da za ta iya ceton na bayansa ba.