A Daina Cusa Mesa Biyu A Akwati Ɗaya

Duk wanda ya saba cin kasuwannin Kafanchan, Kagoro, Zonkwa da Kwoi ba zai rasa ganin gardi ba. Zai sauke akwatin katako, a buga ganga, yara su yi da'ira, sa'an nan ya buɗe murfi ya zaro mesa, ya koma ya zaro wata, jama'a suna ta mamaki suna sayen magani. Ba mai tambayar yadda dabbobin nan suka kwana a nannaɗe da juna cikin akwatin da ko akuya ba za ta iya juyawa a ciki ba. Yanzu kuma wasu samari sun fara ajiye mesa a gida don ado, suna koyi da abin da suke gani a waya. To, lokaci ya yi da za a faɗi gaskiya: wannan haɗin zalunci ne ga dabba, kuma ganganci ne da ran maƙwabta.

Mesa ba kaza ba ce da za a tara a akurki. A dawa, kamar a gindin duwatsun Kagoro ko bakin ruwan Matsirga, ita kaɗai take yawonta, ba ta neman 'yar'uwa sai lokacin barbara. Jikinta ba ya yin zafin kansa, watau tilas ta fita hantsi ta sha ɗumi, in ya ishe ta ta koma inuwa. A akwati kuwa wurin ɗumi guda ne. Babbar ta haye kai, ƙaramar ta haƙura. Mai su ya leƙa ya ce ai ga su nan suna son juna, alhali danniya ce yake kallo. Ranar da ƙaramar ta ƙi cin abinci sai a ce sammu aka yi mata.

Wajen ciyarwa abin ya fi muni. In aka jefa gafiya ɗaya, wannan ta kama kai, waccan ta kama gindi, ba mai saki, domin haƙoran mesa baya suka lanƙwasa. Sai babbar ta yi ta haɗiya har ta haɗa da ƙaramar. Maza biyu kuma in lokacin barbara ya zo kokawa suke yi, wanda aka kayar ba shi da wurin gudu. Ga cuta. Kaska da ciwon huhu, wanda sanyin hunturun ƙasar Jama'a ke tayarwa, in sun kama ɗaya sun kama duka, kuma ba yadda za a gane kashin wacce ya lalace.

Masu gardama sukan kawo misalin garin Wida a Jamhuriyar Benin, inda akwai ɗakin tsafi da mesa da yawa ke kwance wuri guda. Gaskiya ne. Amma waɗancan ƙananan mesa ne masu dunƙulewa kamar ƙwallo in sun ji tsoro, da ƙyar suke wuce ƙafa 5, kuma ɗaki ne sukutum, masu lura da shi kan sake su su fita. Har ila yau a cikin 2024 masu bincike a Kanada sun nuna 'ya'yan wannan ƙaramin iri sukan zaɓi taruwa da kansu. Sai dai an ba su fili da maɓoya da dama, wanda ya so ya ware. Mesar da gardawa suka fi ɗauka babbar ce, wadda kan wuce ƙafa 16. Wane akwati ne zai ba irinta zaɓi?

Gardi zai ce ya gaji abin kaka da kakanni, kuma mesa ba ta da dafi. Lalle ba ta da shi, ba ta ma bukatarsa, matsewa take yi. Sabo turken wawa. A watan Agusta na 2013, a garin Campbellton na Kanada, irin wannan mesa tamu ta sulale ta bututun iska ta faɗo ɗakin da wasu yara biyu 'yan'uwa ke barci, ɗan shekara 4 da ɗan shekara 6, ta kashe su. Guda ɗaya ke nan, a gidan da aka gina mata keji. Balle uku a akwatin da aka ɗaure da igiya, a gidan haya mai tsakar gida ɗaya. Amurka ma tun 2012 ta hana shigo da babbar mesar Afirka, bayan ta ga ɓarnar da mesar Bama ta yi a fadamun Florida.

Doka kuwa ba rasa ta aka yi ba. Nijeriya tana cikin yarjejeniyar CITES tun 1975, Dokar Soja mai lamba 11 ta 1985 ta sa mesa cikin dabbobin da aka kare, an kuma ƙara nauyin tararta a 2016. Abin da ya rage shi ne aiki da ita. Manomi ma yana da ruwa a maganar, gama kowace mesa da aka kwashe daga dawa, gafiya da ɓera da gyazbi ne suka sami sarari a gonar masara da rumbu.

Ba cewa ake a kama gardawa a ɗaure ba, abincinsu suke nema. Amma ya kamata Ƙaramar Hukumar Jama'a da maƙwabtanta su sa malaman daji da likitocin dabbobi su san wa ke riƙe da mesa, guda nawa, a ina take kwana. Wanda aka bari ya riƙe, ya yi wa kowacce kejinta mai kwaɗo, da ruwa, da wurin ɗumi da inuwa. Sarakunan kasuwa su hana buɗe akwati a tsakiyar yara. Rarar kuma a miƙa wa malaman daji, ko gidan namun dajin Jos, wanda ba shi da nisa da Kafanchan.