Kada A Kori Baƙo Kafin A Ji Ta Bakinsa



Mun ji waɗansu a cikinmu suna yabon korar da gwamnatin Amurka ta yi wa 'yan ƙasar Benezuwela a shekarar 2025, suna cewa ai 'yan daba ne, Allah raka taki gona. Mu kam ba mu yarda ba, kuma ga dalilinmu.

A ranar 15 ga Maris 2025 aka fitar da sanarwar Shugaba Donald Trump cewa zai yi aiki da Dokar Baƙi Abokan Gāba, wadda aka kafa tun 1798. Dokar ta ba shugaban ƙasa ikon kamawa da korar 'yan wata ƙasa idan ana yaƙi da ƙasarsu, ko kuwa ƙasarsu ta kawo mamaya. Sau uku kaɗai aka taɓa ɗauko ta: a yaƙin 1812 da Ingila, da Yaƙin Duniya na Ɗaya, da na Biyu. A watan Maris na 2025 kuwa babu yaƙi tsakanin Amurka da Benezuwela. Sai gwamnati ta ce wata ƙungiyar 'yan daba mai suna Tren de Aragua ita ce rundunar mamayar.

A ranar nan alƙali James Boasberg na birnin Washinton ya ba da umarni a dakata, jiragen da suka tashi ma su juyo. Ba su juyo ba. 'Yan Benezuwela fiye da 200 aka sauke a ƙasar El Salbado, 137 daga cikinsu a ƙarƙashin wannan doka, aka aske musu kai, aka kulle su a kurkukun 'yan ta'adda da ake kira CECOT. Ba a ba su damar tsayawa gaban alƙali su musanta zargin ba. Waɗansu, zanen da ke jikinsu ne aka ɗauka shaida. Akwai wanda zanensa kambi ne a kan kalmomin uwa da uba, shi kuwa ɗan wani gari ne da ke yin bikin masana daga gabas kowace shekara.

Ku dubi abin da kotuna suka yi. Ranar 7 ga Afrilu Kotun Ƙoli ta soke umarnin Boasberg, amma alƙalanta tara duka suka yarda cewa dole a sanar da mutum, a kuma ba shi zarafin kai ƙara kafin a fitar da shi. Ranar 19 ga Afrilu, da tsakar dare, ta hana kwashe waɗansu da aka tsare a jihar Teksas. Ranar 1 ga Mayu alƙali Fernando Rodriguez, wanda Trump da kansa ya naɗa, ya ce aikin 'yan daba ba mamayar da dokar take nufi ba ne. Ranar 16 ga Mayu Kotun Ƙoli ta ce sanarwar kusan awa 24, ba tare da an gaya wa mutum yadda zai kai ƙara ba, ba ta isa ba. Waɗanda aka riga aka kwashe kuwa sai da suka yi wata huɗu a kulle, kafin a mayar da 252 Benezuwela ranar 18 ga Yuli ta hanyar musayar fursunoni.

Wani zai ce, ashe ƙasa ba ta da ikon tsare iyakarta? Tana da shi, ba mu musa ba. Mai laifi a kama shi, a kawo shaida, a hukunta shi ko a kore shi. Amma in har gwamnati tana da shaida, me ya sa take gudun alƙali? Wanda ya ce mutum ɗan daba ne, shi ne ya kama, shi ne ya yanke hukunci, shi ne ya kulle. Wannan kura ce da shari'ar akuya.

Wani kuma zai ce, ai shugaban nan yana magana a kan wahalar Kiristocin Nijeriya, don me za mu kushe shi? 'Yan'uwa, alherin da mutum ya yi mana ba ya mayar da zaluncinsa ga wani ya zama adalci. Nikodimu ya tunatar da majalisa cewa Shari'a ba ta hukunta mutum sai an ji shi (Yohanna 7:51). Festus ma, wanda bai san Ubangiji ba, ya ƙi miƙa Bulus sai ya fuskanci masu ƙararsa (Ayyukan Manzanni 25:16). Za mu kasa Festus?

Mu ma mun taɓa ganin irinta a gida. A 1980 gwamnatin tarayya ta ɗauki Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Jihar Borno, ta kai shi Chadi wai shi ba ɗan Nijeriya ba ne. Babbar kotun Maiduguri ce ta ce korar haramtacciya ce. Da ba a saurare shi ba, da maganar gwamnati ta zauna.

Mu da muke 'yan tsiraru a garuruwanmu, mun san nauyin kalmar baƙo. Ba mu da yawan ƙuri'a, ba mu da sarauta, abin da ya rage mana bayan Allah shi ne doka da ƙofar kotu. Idan muka tafa wa mai mulkin da ya rufe wannan ƙofa ga wani, da wane baki za mu yi kuka ran da aka rufe mana ita? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka muna roƙon dattawa su tsawata wa wannan murna a duk inda suka ji ta, a taron matasa ko a zumuntar mata. Mu yi addu'a domin alƙalai masu tsoron Allah, a can da nan, da kuma iyalan waɗanda aka kulle ba tare da shari'a ba. Ubangiji ya ba mu zuciyar adalci. Amin.