RA'AYINMU: Ina Kyan Mota Ya Tafi?

Duk ɗalibin da ya tsaya a ƙofar jami'a da hantsi, ya zuba wa motocin da ke shiga ido, lalle zai lura da wani abu: kusan kowace sabuwar mota fuskarta a murtuke take, kamar wadda aka yi wa laifi. Fitilu sun tsuke, baki ya wage, jiki kuwa duk tsage-tsage da lanƙwasa, wannan layi ya nufi gabas, wancan ya nufi yamma. Mu dai a ganinmu, ado ya yi wa motar zamani yawa, tsari ya yi mata kaɗan.

Bari mu koma ga abin da iyayenmu suka sani. Peugeot 504, wadda kowa ke kira Fijo, ta fito a Faransa a 1968, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana surarta, aka kuma soma harhaɗa ta a Kaduna bayan buɗe masana'antar Peugeot a 1975. Dube ta daga gefe: layi guda ne ya taso daga fitila, ya bi ƙarƙashin tagogi, ya sauka a kan but ɗin nan mai gangara. Gilasanta manya ne, direba yana ganin kusurwoyin motarsa duka huɗu. Tsayinta daga ƙasa ya dace da hanyar da za ta bi. Gabanta da bayanta magana ɗaya suke yi. Haka nan Volkswagen Golf ta 1974, wadda Giorgetto Giugiaro ya zana. Ba ta da wani ƙawa, amma har yau ba wanda zai ce ga abin da ya kamata a cire mata.

To, a kwatanta da yau. A 2020 kamfanin BMW ya fito da 4 Series da hanci mai tsawo har kusan ƙasa, aka yi ta ka-ce-na-ce a duniya. Wannan ma da sauƙi, domin so da ƙi na ido ne. Abin da ya fi damunmu shi ne ƙarya: ramukan shan iska na roba waɗanda a toshe suke, da bakin salansa na ƙawa, alhali na gaskiyan yana ɓoye a ƙarƙashi. Mai zanen da ya manna wa mota abin da ba ya aiki ya raina mai saye.

Adalci ya sa mu faɗi uzurinsu. Dokokin Turai na kare mai tafiya a ƙasa, waɗanda suka soma aiki a 2005, sun sa bonet ya ƙara tudu. Ginshiƙan rufi sun yi kauri don kada mota ta murƙushe mutane in ta ƙundumbala, tagogi kuma suka ƙanƙance. Neman rage shan mai ya tilasta wa kowa siffar da iska ke zamewa a kanta, har motoci suka zama kamar 'yan gida ɗaya. Sai mai zane ya koma yi wa fuska kwalliya don a bambanta tasa. Amma uzurin bai isa ba. Hyundai Ioniq 5 ta 2021 ƙarƙashin waɗannan dokoki aka yi ta, ga ta nan kuwa tsaf, layukanta sun san inda suka dosa.

Wani zai ce ina ruwan ɗalibi da wannan, shi da ko keke bai mallaka ba? Ruwansa ya yi tsaki. Motar da aka zana a Jamus bana, ita ce za ta iso mana 'yar Kwatano nan da shekara goma. Sa'an nan ne za a gane cewa fitilar nan siririya ba a sake mata ƙwai, sai a sayi dukanta, bamba mai lanƙwasa bakwai kuma ta fi ƙarfin gudumar mai gyaran jiki a Panteka. Cikin motar ma haka: an kwashe maɓallai an zuba su cikin allon taɓawa, har sai da hukumar Euro NCAP ta sanar a 2024 cewa motar da ke son cikakken maki dole ta riƙe maɓalli na gaske ga hon, sigina da waifa.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu na sashen injiniya da na zane su riƙa zama tebur guda tun daga aji biyu. A ba su aikin haɗin gwiwa, ko da zanen motar haya ce mai ɗaukar mutum bakwai da buhunan hatsi daga Kano zuwa Maraɗi, a kuma gayyato makanikai daga gareji su duba zanen kafin malami ya ba da maki.