Masu Hayar Ɗaki da Rangwamen Kuɗin Haya

Zuwa ga Edita,

Wannan wasiƙa tana jawo hankalin masu karatu ne ga halin da mazauna gidajen haya suke ciki a Ikara da Makarfi da Kudan, inda malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da ɗalibai suke kama ɗaki guda, suna tarayya a rijiya da bayi da tsakar gida.

Idan aka kwatanta da wasu ƙasashe, a Ingila hukuma tana tallafa wa mai ƙaramin ƙarfi da kuɗin haya, kuma tun 2012 wanda yake zaune shi kaɗai, bai kai shekara 35 ba, galibi gwargwadon kuɗin ɗaki ɗaya a gidan tarayya ake ba shi, sannan yana iya neman ragin harajin da ƙaramar hukuma take ɗora wa gidaje.

Abin da ya fi kusa da wannan a Nijeriya shi ne rangwamen da dokar haraji ta 2025 ta tanada, wato cire kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayar shekara, amma abin da za a cire ba zai wuce naira 500,000 ba, daga kuɗin shigar da ake lissafa wa haraji. Sai dai mai biyan haraji kaɗai ne zai amfana, kuma dole ya nuna shaidar biya, alhali hayar ɗaki a karkara yawanci da baki ake ƙulla ta.

Saboda haka, ya kamata masu gidaje su riƙa ba kowane ɗan haya rasit da sunansa, ƙananan hukumomi kuma su wayar da kan jama'a.

Wassalam.

Daga wani mai karatu,
Kurmin Kogi, ƙaramar hukumar Ikara, jihar Kaduna.