Kano Pillars: An bar jaki ana dukan taiki

A kasuwar kayan gini ta Dei-Dei, inda Kanawa da sauran 'yan Arewa ke fatauci a gefen babbar hanyar Kubwa zuwa Zuba, hirar ƙwallo ba ta ƙarewa a kan gasar Ingila kaɗai. Akwai masu bin Kano Pillars sau da ƙafa, kuma duk lokacin da kakar wasa ta yi wa ƙungiyar tsami, hukuncinsu ɗaya ne: a sallami 'yan wasan, a kori koci, a sayo sababbi. Hukunci ne mai daɗin faɗa a bakin shago, sai dai tarihin ƙungiyar na shekarun nan bai goyi bayansa ba.

An kafa Pillars a 1990. Ta ɗauki kofin babbar gasar Najeriya sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Ta shafe kimanin shekara 12 ba a doke ta a gida ba a gasar, har sai da Nasarawa United ta karya tarihin a 2015. Wannan ce ƙungiyar da ta faɗa rukuni na biyu a 2022.

Abin da ya kayar da ita ya fi ƙarfin ƙafar ɗan wasa. Bayan dogon zaman haya a Kaduna, Pillars ta koma filin Sani Abacha a watan Afrilun 2022 domin karawa da Katsina United, kuma a ranar wasu magoya baya suka farfasa motar baƙin. Hukumar gasar ta zaftare mata maki uku, ta ci ta tara, ta tura wasanninta na gida zuwa filin Moshood Abiola da ke Abuja. A watan Yuni an sake zaftare wasu maki uku saboda cin zarafin mataimakin alƙalin wasa a karawa da Dakkada. Maki shida nasara biyu ke nan, kuma babu mai tsaron raga ko ɗan gaba da ya zubar da su.

Ƙungiyar ta dawo babbar gasa a 2023. A 2024 Ahmed Musa da Shehu Abdullahi, tsofaffin 'yan wasanta da suka buga wa Super Eagles, suka sake saka rigarta, kuma a 2025 aka naɗa Musa babban manaja. Da a ce manyan sunaye ne maganin cutar, da ta warke. Amma a watan Oktoban 2025, bayan Shooting Stars ta farke ƙwallo a ƙurarren lokaci a Kano, aka sake afka wa alƙalan wasa. Sakamakon ya zo kamar an kwafe shi daga tsohon fayil: maki uku, tara, da hijira, wannan karon zuwa Katsina. An sauya fuskoki a fili, ƙofar da ɓarna ke shigowa ta nan kuwa tana buɗe.

Gaskiya ne akwai lokacin da garambawul ke zama dole. Ɗan wasa yana tsufa, wani ya yi rauni, wani kuma ƙungiyar waje ta ɗauke shi, kamar yadda Esperance ta Tunisiya ta ɗauki Junior Lokosa bayan ya fi kowa cin ƙwallaye a 2018. Sai dai akwai bambanci tsakanin cike gurbi bisa tsari da share ɗakin baki ɗaya domin huce haushin 'yan kallo. Ƙungiyar da ke sake zubi duk shekara tana cinye rabin kaka kafin 'yan wasanta su san motsin juna, kuma kafin su sani an fara lissafin waɗanda za a sallama.

Ma'aikacin gwamnati ya fi kowa sanin wannan salo. Idan aiki ya lalace a ma'aikata, ƙananan jami'ai ake yi wa sauyin wurin aiki, a kafa kwamiti, a bar tsarin da ya haifi matsalar yana nan daram. Pillars mallakar gwamnatin jihar Kano ce, kamar yawancin ƙungiyoyin gasar, saboda haka shugabancinta yana tafiya da kalandar siyasa, kuɗinta kuma yana jiran sa hannun ofis. Remo Stars ta Ikenne, wadda ɗan kasuwa Kunle Soname ya mallaka, ta gina filinta da makarantar renon matasa, ta bar kocinta ya yi shekaru yana gini, sannan ta ɗauki kofin a 2025.

Akwai rawar da Abuja za ta taka. Shehu Dikko, wanda ya shugabanci hukumar gasar lokacin hukuncin 2022, shi ne shugaban Hukumar Wasanni ta Ƙasa tun 2024, don haka ya san cutar daga tushe. Ya kamata hukumarsa da NFF su tsaurara sharuɗɗan lasisin ƙungiyoyi: tsaron fili da ƙwararrun jami'ai, kwantiragin da ya wuce shekara guda, biyan albashi a kan kari, da bayanin kuɗin sayar da 'yan wasa a fili. Mataimakan da ke rubuta wa gwamnoni da kwamishinoni takardun shawara su ma suna da ta cewa, domin a teburinsu ake tsara sunayen 'yan hukumar gudanarwa.

Mai shago a Dei-Dei ba ya korar yaransa duk shekara idan rufin rumbunsa ne ke yoyo, yana kiran mai gyara ne. Magoya bayan Sai Masu Gida suna da haƙƙin neman ƙungiyarsu ta samu irin wannan kulawa kafin a sake buɗe kasuwar 'yan wasa.