Madubin Bindiga Ba Tocila Ba Ne: Jan Hankali Ga 'Yan Kasuwarmu

Kwanakin baya wani ƙanenmu da ke ɗauko kayan lantarki daga Lome ta hanyar Sinkanse ya same mu a majalisarmu ta 'yan Zango a nan Wagadugu da wata shawara. Ya ce wani mai saye ya roƙe shi ya haɗo masa da madubin bindiga guda goma, irin wanda ake ɗaurawa a saman bindiga domin ya jawo abin da ke nesa, kuma ribar kowane ɗaya ta ninka ta tocila sau da yawa. Tambayarsa ita ce wane iri ne ya fi kyau. Mun ga ya dace mu ba shi amsa a wannan fili, domin mun san ba shi kaɗai ake yi wa irin wannan tayi ba a kasuwannin Puitenga, Bitu, Bawku, Gaya da Illela.

Bari mu fara da shi kansa madubin. Lambobin da ake rubutawa a jikinsa, misali 3-9x40, suna da ma'ana. Wato yana ƙara girman abu daga ninki 3 zuwa ninki 9, faɗin gilashinsa na gaba kuma milimita 40 ne. Mutane da dama sun ɗauka duk wanda lambarsa ta fi girma shi ya fi, alhali kuwa yayin da ka ƙara jawo abu, filin da kake gani yana ƙara ƙuntata, haske yana raguwa, kuma 'yar rawar hannunka ita ma tana ninkuwa. Shi ya sa maharban da suka san aikinsu ba kasafai suke wuce ninki 4 zuwa 9 ba a dajin da ke da itatuwa. Madubin kirki yana barin tazarar kamar santimita 8 zuwa 10 tsakaninsa da ido, don kada ya fasa wa mai harbi gira idan bindiga ta ja baya. Ana kuma rufe shi ruf, a cika cikinsa da iskar naitirojin, yadda ƙurar hunturu da laimar damina ba za su shiga ba. Bayan an ɗaura shi, sai an gwada shi a kan allo daga tazarar da aka auna, an daidaita saitinsa, kafin a shiga daji da shi.

To, a nan ne tambaya ta farko ta taso: wa ke buƙatarsa? Akasarin mafarautanmu bindigar toka gare su, ko kuma kalibar 12 mai watsa ƙananan harsasai, wadda amfaninta bai wuce mita 30 zuwa 40 ba. Wanda zai harbi zabo ko makwarwa ko zomo a wannan tazara, madubi ba abin da zai ƙara masa sai ɓata lokaci. An yi shi ne domin doguwar bindiga mai harsashi guda, irin wadda ake harbin gwanki ko ɓauna da ita daga mita 100 ko fiye, kuma masu lasisin riƙe irinta ba su da yawa. Su ɗin ma ba a teburin mai tocila suke saye ba, wurin dillalin makamai mai izinin gwamnati suke zuwa. Saboda haka duk wanda ya ce maka yana son guda goma a lokaci ɗaya, ya kamata ka tambayi kanka wace farauta ce wannan.

Abu na biyu shi ne inganci. Kasuwa ta cika da na jabu masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni irin su Leupold da Bushnell da Zeiss, ana sayar da su a kan kuɗin da ba su kai kusa da na ainihi ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Irin wannan madubi harbi kaɗan ke gusar da saitinsa, sai maharbi ya nufi ƙirjin dabba ya samu cinya, ta gudu da rauni ta je ta mutu a banza, ko kuma harsashi ya kauce ya samu abin da ba a nufa ba. Ɗan kasuwar da ya sayar ba zai ce babu ruwansa a cikin wannan alhaki ba.

Abu na uku, wanda ya fi duka nauyi, shi ne doka da halin da ƙasa ke ciki. A da, lokacin farauta a Burkina Faso yakan kama daga 1 ga Disamba zuwa 31 ga Mayu, Turawa na zuwa sansanonin farauta na Pama da Singu da kewayen Arli a gabashin ƙasar, jama'ar ƙauyuka na samun aiki da nama. Amma tun daga 2018 masu ɗauke da makamai suka shiga waɗannan dazuzzuka, sansanoni da yawa suka rufe. A watan Afrilun 2021 an kai hari kan ayarin masu yaƙi da ɓarayin namun daji a yankin Pama, aka kashe 'yan jarida biyu 'yan ƙasar Sifen da wani ɗan ƙasar Ailan. A wannan shekarar ce kuma Burkina ta yi sabuwar dokar makamai wadda ta haɗa har da sassan bindiga, harsasai da sauran kayan da suka danganci su. Farautar dare da fitila haramtacciya ce tun da daɗewa, don haka madubi mai gani cikin duhu ba shi da wata hujja a hannun mafarauci. A Nijeriya ma irin waɗannan na'urori na ganin dare sai da takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ake shigo da su.

Wani zai ce ai madubi gilashi ne kawai, ba ya harbi, kuma tun da Burkina da Nijar da Mali suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025, yarjejeniyar ƙananan makamai da aka sa wa hannu a Abuja a 2006 ba ta shafe mu ba. Wannan magana ba za ta fisshe ka a gaban jandarma ba. Ficewa daga ƙungiya bai soke dokar cikin gida ba, hasali ma binciken kan hanya ƙaruwa ya yi. Jami'in da ya buɗe kwalinka a shingen Tenkodogo ya ga madubin bindiga a ƙarƙashin batura, ba zai tsaya yi maka lissafin riba ba. Tambayarsa ita ce wa za ka kai wa, kai kuwa ba ka da amsa sai lambar wayar mutumin da ba ka san gidansa ba.

Mu 'yan Zango mun san abin da muke tsoro. Kakanninmu fatake sun sauka a wannan gari tun kafin zuwan Turawa, a kan hanyar goro ta zuwa Salaga, suka zauna lafiya da Mosawa saboda an san su da amana. A 2003 aka rushe unguwarmu ta Zangwetin domin aikin ZACA, muka warwatsu zuwa Waga 2000 da Niyoko da sauran unguwanni, a shekarar ce kuma babbar kasuwar Rood Woko ta ƙone, ba a sake buɗe ta ba sai 2009. Mun rasa gidaje da rumfuna, abin da ya rage mana shi ne sunan da aka san mu da shi. A wannan zamani da ake yi wa baƙo kallon tuhuma, idan aka kama mutum ɗaya daga cikinmu da irin wannan kaya, ba sunansa za a kira ba, cewa za a yi Hausawa ne.

Ba muna ƙyamar farauta ba ne, sana'a ce ta gado, kuma mafarauci mai takarda yana da haƙƙin ya sayi kayan aiki mai kyau. Shawararmu gare shi ita ce ya fara da lasisin bindiga da na farauta daga jami'an gandun daji, ya je wurin dillali mai izini, ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar madubin, ya zaɓi matsakaici mai ƙwari, ya gwada shi kafin ya fita. Ga 'yan kasuwa kuwa, kada ku karɓi saƙon kwalin da ba ku buɗe ba, kada ku yarda direba ya cusa muku kayan wani cikin naku. Sarakunan Zango da shugabannin 'yan tasha su ma su riƙa faɗakar da yara matasa masu shiga fatauci yanzu.

Shi kuwa ƙanenmu mun ce masa ya mayar wa mutumin kuɗin kafin-alƙalaminsa, ya ci gaba da tocilarsa da baturansa. Allah ya ba mu halaliyarmu, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.