Wa Ya Ba Shugaban Ƙasa Ikon Dakatar da Gwamna?

Ranar 18 ga Maris 2025 Shugaba Bola Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci a Jihar Ribas. Ya dakatar da Gwamna Siminalayi Fubara da mataimakiyarsa da majalisar dokokin jihar baki ɗaya na wata shida, ya ɗora tsohon babban hafsan sojan ruwa Ibok-Ete Ibas a matsayin kantoma. Hujjarsa sashe na 305 na kundin tsarin mulkin 1999.

Ku ɗauko kundin ku karanta sashen da kanku, ba shi da tsawo. Ya ba shugaban ƙasa damar ayyana dokar ta-ɓaci idan ana yaƙi, ko doka da oda sun rushe, ko wani bala'i ya auku. Babu inda ya ce ya tuɓe wanda jama'a suka zaɓa, ko na kwana ɗaya. Hanyar tsige gwamna tana sashe na 188, a hannun majalisar jiharsa. Sashe na 11, wanda ya yarje wa Majalisar Tarayya ta yi wa jiha doka idan majalisarta ta kasa zama, ya ja layi ƙarara cewa wannan bai ba ta ikon cire gwamna ko mataimakinsa ba. Abin da aka hana majalisa mai mutum 469, ta ina mutum ɗaya ya same shi?

Ya same shi ta gado. A Mayun 2004, bayan kashe-kashen Yelwan Shendam da ramuwar gayyar da ta biyo baya a Kano, Obasanjo ya dakatar da Gwamna Joshua Dariye na Filato, ya naɗa Janar Chris Alli mai ritaya. Da yawa a Arewa sun yi murna, don jinin da aka zubar ya yi yawa kuma ana ganin sakacin gwamnan. Zafin rai ya hana a tambayi inda shugaban ƙasa ya samo sandar da ya yi dukan da ita. An kai ƙara Kotun Ƙoli, kotun ta kore ta bisa dalilin cewa ba a shigar da ita da izinin kantoman da ke riƙe da jihar ba. Wato sai wanda ya hau kujerarka ya yarda kafin ka tambayi kotu ko hawansa halas ne. Tushen maganar ba a taɓa shi ba. A 2006 Obasanjo ya maimaita a Ekiti. Abin da aka yi sau biyu ba a hana ba, a karo na uku sunansa al'ada.

Haka ikon fadar shugaban ƙasa yake faɗaɗa. Ba a gyara kundi, ba a yi juyin mulki ba. Ana samun rikici na gaske, a ɗauki matakin da doka ba ta ambata ba, majalisa ta yi shiru, kotu ta kauce, wanda ya gaji kujerar ya tarar da sabon makami a aljihun tebur.

Masu kare matakin Ribas suna cewa Fubara ba mai tsarki ba ne. Gaskiya ne. Ya rushe ginin majalisar jiha a Disamban 2023, ya miƙa kasafin kuɗi ga 'yan majalisa huɗu, Kotun Ƙoli ma ta ɗora masa laifi a Fabrairun 2025. Sai dai laifin gwamna ba ya haifar wa shugaban ƙasa da ikon da ba a rubuta masa ba. Ga kuma ɗaya ɓangaren rikicin, Nyesom Wike, yana zaune a majalisar ministocin wanda ya yanke hukuncin. Suna kuma cewa dokar ta-ɓaci ba ta aiki sai an kawar da gwamna. A Mayun 2013 Jonathan ya ayyana ta a Borno da Yobe da Adamawa, lokacin da Boko Haram ke cin ƙauyuka, ya bar gwamnonin uku a kujerunsu, alhali babu ɗaya daga Borno da Yobe da ke jam'iyyarsa. In yaƙi bai wajabta tuɓe gwamna ba, faɗan ubangida da yaronsa bai isa ba. Tinubu ya fi kowa sanin haka: shi ne gwamnan Legas da ya kai Obasanjo Kotun Ƙoli kan riƙe kuɗin ƙananan hukumomi, a 2004 kotun ta ce shugaban ƙasa ba shi da wannan ikon.

Mafi muni a wurina abin da Majalisar Tarayya ta yi. Kundin ya ce dokar ta-ɓaci ba ta tsayawa sai kashi biyu bisa uku na dukkan 'yan kowace majalisa sun amince: 73 a cikin sanatoci 109, da 240 a cikin wakilai 360. Adadi abin ƙirgawa ne. Ranar 20 ga Maris majalisun biyu suka amince da ƙuri'ar murya, aka ce masu "eh" sun yi rinjaye, aka buga guduma. Kunne ba ya ƙirga mutum 240. Da ku tambayi wakilin mazaɓarku yau ko ya goyi baya ko ya ƙi, babu takardar da za ta gaskata shi ko ta ƙaryata shi.

An mayar da Fubara a Satumba. Kafin nan kantoman da babu wanda ya zaɓa ya naɗa masu riƙon ƙananan hukumomi, an yi zaɓensu a ƙarƙashinsa, kasafin kuɗin jihar kuwa a Abuja aka zartar da shi.